Faci Biyu a Jirgin Kefas

Litinin, 28 ga Satumba, 1987, bayan la'asar

A bayan littafin awo nake wannan rubutu, don babu mai buɗe shi sai ni. Shekara ashirin da shida ina ɗinki a Dutsin-Ma. Ni Mamuda, wanda manyan gari ke jira wata guda kafin in taɓa shaddarsu, yau ga ni da tsumman wasan yara baje a kan teburina.

Jirgin zare ne, na Kefas malamin gona, maƙwabcina. Irin jirgin ledar nan da yara ke yi, sai dai wannan na lailon ne, ja da shuɗi, ya kai faɗin ƙaramar tabarma, da sandunan alminiyam biyu a gicciye, da zare biyu maimakon ɗaya. Ka ja na dama ya yi dama, ka ja na hagu ya yi hagu, ya juya, ya kawo sura kamar shirwa. Wani Bature da suka yi aikin gona tare ya bar mashi shi shekara takwas da suka wuce. Tun daga nan, duk Lahadi ƙarfe biyar, ƙato da furfura a gemu sai ya tafi filin hanyar Dabawa yana kokawa da iska. Wai tsuntsayen janbaki yake kora daga dawar mutane. Janbaki dai ba su fasa cin dawa ba, ni ma ban fasa yi mashi dariya ba.

Ɗakinsa na yoyo, shi ya sa duk damina a rufin shagona yake rataye abin. Yanzu fiffiken dama ya yage daga sama har ƙasa, sandar gicciye ta karye, wutsiya babu ita. Aikin Hamma direba ne.

Ranar Laraba aka ba mu jiharmu ta Katsina, aka raba mu da Kaduna. Kefas mutumin Zonkwa ne, kuma ana ta cewa ma'aikata irinsa za su koma Kaduna. Shekara goma sha uku katanga ɗaya ce tsakaninmu, yau kwana huɗu bai ce mani kanzil ba. A kan tsumma! Zan ɗinke mashi abinsa in miƙa mashi kafin ya tafi, kada a ce wani abu ya lalace a shagona. Ba don komai ba.

Talata, 29, da safe

Kefas ya wuce a kan babur. Ya gaida mai shayi, ya gaida mai faskare, har kurman bakin masallaci ya ɗaga wa hannu. Ko oho.

Laraba, 30, bayan azahar

Na gama. Awa ɗaya ko bai cika ba. Da farko lailon ɗin ya yi ta zamewa ƙarƙashin allura yana tattarewa, yadin banza, ba ya da mutunci ko kaɗan. Sai na shimfiɗa mashi ƙyallen kaki daga ƙasa, na bi shi da ɗinki biyu a matse, na kalmashe baki. Ko jaki ya ja wurin nan ba zai buɗe ba. Sandar kuma na haɗa ta da ƙusa a ciki, na naɗe da zaren buhu. Wutsiya na yanko daga ragowar labule.

Wannan ne wai abin da Turawa suka zauna suka ƙera. Mtsw.

Juma'a, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Ashe mutum ɗaya ba ya tashinsa. Dole wani ya ɗaga shi sama ya saki, kai kana can nesa riƙe da zare. Na sa Hamma, tunda shi ya jawo. Muka zagaya bayan makarantar firamare inda babu idon mutane.

Ya tashi kamar tsawon soro. Na buɗe baki zan ce ka gani, sai ya juya dama, ya sake juyawa, ya sake, ya zo ya kafa kai a ƙasa, tim! Ƙusar ta fita, sandar ta koma biyu. Hamma ya zauna daɓas yana riƙe ciki.

Na ce, "Dariyar me kake yi, kai da ka yaga wa mutum abinsa?"

Ya share hawaye ya ce, "Haba Malam Mamuda. Ni dai ban hau teburinka na sauko da shi daga rufi ba."

Direban da bai iya karanta lambar motarsa ba, shi zai gaya mani magana. Na naɗe kayana na taho.

Lahadi, 4, ƙarfe biyar na yamma

Ga iska mai kyau tana kaɗa labulen shago. Kefas bai je fili ba. Da ƙafa ya fita, ya bi hanyar maƙabartarsu inda Salomi take. Matarsa ke nan, shekara biyar da rasuwa.

Talata, 6, da hantsi

Takardarsa ta canjin wurin aiki ta zo. Asabar, 24 ga wata, motar kaya za ta zo ta kwashe shi. Ba shi ya gaya mani ba. Matata Rekiya ya gaya wa ta kan katanga, ita ta kawo mani tare da koko.

Ta tsaya tana kallon jirgin, ta ce, "Malam, ba yagewar nan ce ta fi yi mashi zafi ba. Kai ma ka sani."

Na ce tun yaushe ta zama alƙali. Ta ɗauki kwanonta ta fita, ko waiwaye.

Saura kwana goma sha takwas.

Alhamis, 8, bayan la'asar

Na gano matsalar da kaina: dama ta fi nauyi saboda kakin. Sai na ɗaure ƙaramin noti a ƙarshen fiffiken hagu don su yi daidai. Wannan karon ko tashi bai yi ba. Na yi ta gudu da baya ina jansa yana share ƙasa, har na faɗa kunyar gyaɗar wani. Wata tsohuwa mai itace ta tsaya ta ce, "Sannu Malam, Allah ya ba da lafiya." Da gaske take, ta ɗauka taɓuwa ce.

Hamma ya ce in kai wa Ɗanmusa mai gyaran laima a Kurfi. Mai gyaran laima! Mutumin da ke zaune a ƙasa cikin tarkacen waya.

Asabar, 10, bayan la'asar

Na je Kurfi. Dama ina da wanda zan gani a can.

To, ba ni da kowa. Wurinsa na je.

Ɗan tsoho ne ƙanƙane, ido ɗaya ya yi fari, yana zaune gindin bedi da laimomi matattu kewaye da shi. Ya baje jirgin a cinya, ya shafa kakin da yatsa, ya ce, "Wane maƙeri ne ya yi wannan ɗinki?"

Na ce, "Wani tela ne can Dutsin-Ma."

Ya ce, "Allah ya shirye shi. Ai wannan bargon doki ya ɗinka."

Na ce amin. Me zan ce?

Ya sa reza ya farke aikina gaba ɗaya, a gabana, yana tsaki. Ya nuna mani yadda allurar keke ta jera ramuka a lailon ɗin har ya kusa yankewa da kansa. Ya ce da hannu ake yi, a ware ɗinkin, kada a matse. Ya yanko mani yadin wata baƙar laima, shara-shara. Ya tsaga gora, ya fere ta, ya ɗora a kan yatsa har ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba, ya ce in jefar da karyayyar sandar, ba a haɗa ta. Duk wannan na haɗiye. Sai ya miƙo mani ƙyalle na biyu.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Na hagu. Yadda ka yi wa dama, haka za ka yi wa hagu, girma ɗaya, wuri ɗaya, ɗinki ɗaya."

Na ce hagu lafiyarta lau.

Ya ce, "Na gani. Iska ce ba ta san wannan ba. In gefe ɗaya ya fi tauri, can zai riƙa karkata har ya faɗi."

A sana'armu faci abin ɓoyewa ne. Gwani shi ne wanda zai yi shi a nema a rasa. A ce in ɗauki baƙin ƙyalle in manna a kan lafiyayyen shuɗi, da hannuna, kowa na gani? Wanda ya koya mani ɗinki da ya mare ni. Na karɓa dai na sa aljihu don kada in tsaya musu da mai laima.

Da za mu dawo na ce Hamma ya sauke ni a hanya, ƙafata ta yi tsami. Na taka mil uku ina duba ƙayoyin bakin titi. Wutsiyar nake nema. Salomi ce ta ɗinka ta da hannu, daga atamfarta mai ganye kore, kamu ashirin, ɗinki a karkace kamar tafiyar maye. A lokacin har na ce mata ta kawo in gyara, ta ce in bar mata abinta. Abin da na samu bai fi tafin hannu ba, maƙale a farar ƙaya, rana ta cinye launinsa.

Litinin, 12, bayan la'asar

Na yi wa dama faci da hannu, daga ciki, yadda sai ka ɗaga shi a rana za ka gani. Aiki ne na gwani, ko maƙiyina zai faɗa. Hagu ban taɓa ta ba.

Ya tashi. Wallahi ya tashi, ya wuce tsawon kuka, har na ji zaren na rawa a hannuna. Daga nan ya fara karkata dama a hankali, ina jan hagu yana ƙi, ya zagaya ya sauko ya kwanta cikin dawa. Sau shida muna yi, sau shida dama.

Hamma ya ce, "Me tsohon ya ce maka ne?"

Na ce ya kama bakinsa.

Laraba, 14, da safe

Ba zan yi wa lafiyayyen yadi faci ba.

Alhamis, 15, da safe

Mai gyaran laima. Ido ɗaya. Ba zan yi ba.

Juma'a, 16, bayan sallar Juma'a

Na yi. Kuma dole na farke na dama na maido shi waje, don su zama iri ɗaya. Yanzu ga baƙin faci biyu ɓaro-ɓaro, ko daga ƙauyen Shema ana hangowa. Na rufe ƙofar shago kafin in fara, kada wani tela ya leƙo.

Asabar, 17, da hantsi

Kefas ya raba kajinsa. Ya ba mai shayi bencinsa. Randar Salomi ya aiko wa Rekiya.

Sannan ya shigo shagona. Na yi wuf na jawo wata shadda na rufe jirgin. Ya ajiye ƙaramin almakashina a kan tebur, wanda ya ara tun lokacin zaɓen saba'in da tara, wanda duk sati nake yi mashi gori a kansa yana cewa gobe. Ya ajiye, ya juya, ya fita. Na ɗauka na duba. Almakashin ya sha washi, har mai ya shafa mashi.

Ban taɓa son a maido mani da shi ba. Gorin nake so.

Lahadi, 18, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta, tunda littafina ne.

Ranar Alhamis ɗin nan, washegarin ba mu jiha, gari ya rikice da murna. Ganguna, babura, kowa na ihu. Hamma ya tsaya da motarsa a ƙofar shago cike da mutane za su zagaya har Kurfi, suna neman abin da za su ɗaura ya riƙa kaɗawa. Ni na hau tebur. Ni na sauko da shi. Ni na ɗaura a bayan motar da hannuna, ina cewa yau dai abin banzan nan zai yi amfani. Aka yi ta shewa, na ji daɗi.

Da yamma suka dawo da shi a yage. Kefas ya sauko daga babur, ya tsuguna a gaban jama'a yana juya shi. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Tela, ina wutsiyar?"

Mutane na kallona, suna jira in ba su dariya kamar kullum. Sai na ce, "Ka je garinku su ɗinka maka wata. Ai yanzu kowa ya san gidan ubansa."

Aka yi dariyar. Shi kuma ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya shiga gida.

Mutumin da ya ɗauki Rekiya a bayan babur zuwa asibiti ranar da haihuwar 'yarmu Sakinatu ta zo da gardama ina can Katsina sayen yadi. Mutumin da ya binne matarsa a ƙasar nan. Duk garin nan na raina wa wayo, ashe babban wawan yana zaune a kan kekena. Tir da ni.

Talata, 20, bayan azahar

Rekiya ta shigo shago da kanta, abin da ba ta yi. Ta ajiye wani abu a nannaɗe. Wutsiya ce, kamu ashirin, atamfa mai ganye kore. Na manta sam cewa anko suka yi da Salomi a sunan Sakinatu. Shekara goma sha ɗaya zanen na ƙasan akwatinta, ko Sallah ba ta ɗaurawa don kada ya koɗe. Ta yanka shi siri-siri, ta haɗa da hannu.

Ɗinkin a karkace yake, ya fi na Salomi muni. Hannuna har ya kai kan reza.

Ta ce, "Malam, ka taɓa shi ka gani."

Ban taɓa ba. Ɗan guntun da na tsinto a ƙaya kawai na ɗinka a can ƙarshe.

Laraba, 21, bayan la'asar

Babu iska. Ko ganyen bedi ba ya motsi.

Alhamis, 22, bayan la'asar

Babu iska. Ni da Hamma mun tsaya a fili kamar masu jiran mota har aka kira magariba. An fara ɗaure kaya a gidansa, ina jin ƙarar igiya ta katanga.

Rekiya ta ce in kai mashi haka nan, in buɗe baki in yi magana. In kai mashi abin da ban san ko yana tashi ba? Da faci biyu kamar wandon ɗan dako?

Juma'a, 23, bayan magariba

Hadari ya haɗo daga gabas wajen la'asar, irin na bankwanan damina, iska ta taso a gabansa. Na bar rigar wani Alhaji a ƙarƙashin allura, na tsayar da Hamma yana shirin lodi. Wannan karon ba bayan makaranta muka je ba. Filin hanyar Dabawa muka nufa, wurinsa.

Hamma ya ɗaga ya saki. Jirgin ya miƙe sama ɗoɗar, bai karkata ko'ina ba, wutsiya na bin sa kore shar. Mai laima ya yi gaskiya, Allah ya isa tsakanina da shi.

Sai dai gyara daban, tuƙi daban. Iska ta yi ƙarfi, abin ya fara fizgata. Na ja dama da yawa ya yi kan kuka, na fizgi hagu ya juyo ya nufo ƙasa da kai, zare ya harɗe, na rasa wanne ne wanne. Hamma na ihu, "Zai faɗi! Zai faɗi!" kamar ban da ido.

Sai na ji murya a bayana.

"Saki hagu, Tela! Hagu na ce! Kai, wannan wane irin hannu ne kamar mai jan guga?"

Kefas ne, da takalmansa a hannu, ya fito daga hanyar maƙabarta. Maganarsa ta farko gare ni cikin kwana ashirin da tara. Na saki hagu. Jirgin ya ɗago, saura ƙiris ya taɓa dawa.

"Maido hannuwanka ƙirji. Kada ka ɗaga su sama, ba addu'a kake ba. A hankali. To, ja dama kaɗan, riƙe, riƙe, saki."

Ya yi juyi guda cikakke, wutsiya ta zana zobe. Wallahi ihu na yi, da girmana.

Na miƙa mashi zaren, ya ƙi karɓa. Yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ni, ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan atamfar fa?"

Na ce, "Ta Rekiya ce. Ta ƙarshen can, mai koɗaɗɗen launi, ita ce ta Salomi. Iyakar abin da na samu ke nan."

Ya ci gaba da bin wutsiyar da ido. Ni kuma idona na kan jirgin, shi ya sa na iya. Na ce, "Kefas, ni na sauko da shi, ba Hamma ba. Kuma maganar da na faɗa maka, maganar banza ce, ta ɗan iska. Na ji kunya. Ka yafe mani."

Ya ce, "Ja hagu, zai tafi."

Na ja. Sai can ya ce, "Ta yi mani ciwo, Mamuda. Da wani ne ya faɗa da ko a jikina."

Na ce na sani.

Ya ce, "Ya wuce." Ya goge fuska da hannun riga, ya ƙara da cewa, "Amma facin nan naka, kai, ko makaho ya yi abin da ya fi shi."

Na ce wani mai gyaran laima ne ya ɓata mani aiki.

Yayyafi ya fara, muka sauke shi. Na naɗe na ɗora mashi a hannu, ya maido mani. Wai Zonkwa duk itatuwa ne da duwatsu, babu fili irin wannan. Ya kalli hanyar da ya fito ya ce, "Kuma mai wutsiyar tana nan. Bar shi kusa da ita."

Asabar, 24, da hantsi

Motar ta tashi ƙarfe takwas. Na cusa almakashin a cikin buhun masararsa bai gani ba. Dole wata rana ya dawo mani da shi da ƙafarsa.

Rekiya na ɗaki tun ɗazu. Ni ma yau ba zan taka keke ba.

Lahadi, 25, bayan magariba

Ƙarfe biyar na rufe shago. Na ratsa kasuwa da jirgin a kafaɗa, faci a waje. 'Yan zaman benci suka yi ta taɓa juna, wani ya ce Tela ya gaji malamin gona. Mutanen da ba su san hagu da dama ba sai a kwanon tuwo. Hamma ya ɗaga mani.

Janbaki na nan cikin dawa, ko gezau ba su yi ba. Na yi juyi ɗaya, na yi na biyu, sannan na haɗa uku a jere ba tare da zare ya harɗe ba. Na waiwaya na ce, "Kefas, ka gani?"

Hamma ya sunkuyar da kai, ya yi kamar bai ji ba.